Wa Ke Ɗaga Umma?

Shafi na 14

Na ga saƙonninku, masu cewa na yi ɓatan dabo kwana uku. Aiki ne ya sha kaina, ku yafe ni. Masu zagin Yaya kuma ku ɗan rage, kar ku ƙarar da zagin tun yanzu, za ku buƙaci saura a ƙasa.

*

Tun ƙarfe bakwai na safe Auta take koya wa yayanta yadda ake jinyar matar da ta haife shi.

"Farar ƙwayar, yaushe take sha?"

"Da safe."

"Kafin ta ci abinci ko bayan ta ci?"

Yaya ya ɗaga kai yana neman amsa a jikin silin. "Bayan... a'a, kafin."

"Bayan."

"To ai bayan na fara cewa."

Ta ci gaba da ɗauraye kofuna tana satar kallonsa. Ƙato ɗan shekara ashirin da biyar ya takure a kan kujerar roba a ɗakin girki, yana rubuta sunayen magunguna da biro a tafin hannunsa kamar yaron da zai shiga jarrabawa bai yi karatu ba. A shekara huɗun da ɓarin jikin Umma na hagu ya yi a shanye, bai taɓa kwana uku a jere a gidan nan ba. Jiya da yamma ya diro daga garin da yake tuƙa motar kamfani, saboda yau ƙarfe goma ma'aikaciyar ofishin tallafi za ta zo bincike.

Kuma Auta ce ta jawo binciken, ba da saninta ba.

Makon jiya likitan gashin ƙashi ya ba ta labarin tallafin da ake ba matasa 'yan shekara sha shida zuwa ashirin da biyar masu kula da mai naƙasa a gida. Kuɗi duk wata, sannan a turo mai taimako sau uku a mako ta zauna da marar lafiyar, don mai jinyar ya samu ya koma makaranta. Makaranta! Kalmar nan ce ta hana Auta zama. Tana 'yar sha biyar ta ajiye littattafanta, yanzu sha tara gare ta. Ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Umma awa biyu, ta je ta cike fom da murnarta. Mai karɓar takardu ya danna na'ura, ya dube ta, ya sake dannawa.

"Ai wannan baiwar Allah tana da mai kula da ita. Shekara huɗu ke nan yana karɓa."

Ya karanto mata sunan yayanta. Har gurbin mai taimakon, Yaya ya cike shi da "ba ma buƙata", don kada wata ta shigo gidan ta ga babu shi. Suna biyu a kan marar lafiya ɗaya, dole ofis ya turo a ga wane ne na gaskiya.

"Ƙaramar mai ruwan ɗorawa fa?" in ji Auta.

"Ta hawan jini. Da dare."

"In tana kwance, yaushe ake juya ta?"

"Duk awa biyu." Ya yi murmushi. "Kin gani? Kaina na ja."

"Ai na ga alama. Ba kowane kai ne zai yi shekara huɗu yana wannan aikin ba a kama shi ba."

Murmushin ya ɗauke.

"Auta, ki bar wannan maganar. Wata takwas ne fa kawai ya rage. Ina cika ashirin da shida za su cire ni da kansu, ke kuma ki shiga."

"In shiga da wane bakin? Yau in sa hannu a kan ba ni ke kula da ita ba, bayan wata takwas in koma in ce ni ce? Mahaukata aka tara a ofishin?"

"Za mu san dabarar da za mu yi."

"Dabararka ce ta kawo mu nan."

"Ke, iya bakinki, ni ba sa'anki ba ne." Ya nuna ta da biron. "Lokacin da ciwon ya samu Umma shekararki nawa? Sha biyar. Ba za su karɓe ki ba. A bar abin ya wuce mu a banza? Gidan nan na yi wa."

"Na cika sha shida shekara uku da suka wuce, Yaya."



"Ɗan abin da nake turo muku fa?" ya ce can. "Daga sama yake faɗowa?"

Auta ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali, don in ba ta ajiye ba to a kansa zai fashe. Wannan ne ya fi ci mata rai a cikin maganar duka. Duk lokacin da ya ga dama ya turo musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ta kira shi tana zuba godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara buɗi. Ashe daga haƙƙinta yake tsakuro mata, ita kuma tana ta shi masa albarka kamar wata sakara.

"In aka kama ni kotu ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kamfaninmu ba sa riƙe direban da ya taɓa tsayawa gaban alƙali. Shi ke nan kin gama da ni. Abin da kike so ke nan?"

Kafin ta ba shi amsa suka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Umma ce ke buga cokali a ƙarfen gado, haka take kira.

Auta ta goge hannunta ta tafi.

Umma na jingine da filo uku, fes da ita. Tun da gari ya waye Auta ta yi mata wanka, ta shafe ta da mai, ta sa mata doguwar rigarta mai ruwan toka, ta ɗaura mata ɗankwali. Hannun hagu yana kwance a kan ƙaramin filo, don inda aka ajiye shi a nan yake wuni.

"Tura ƙofar," in ji Umma. Harshenta ya yi nauyi tun ciwon, baƙo sai ya kasa kunne sosai, amma Auta ko tari Umma ta yi ta san abin da take nufi.

Ta tura.

"Na ji ku."

"Umma, kar ki sa wa ranki damuwa. Ke ai ba ruwanki, yaudarar ki ya yi kamar yadda ya yaudare ni."

Umma ta kawar da kai wajen taga.

"Bai yaudare ni ba."

"Na'am?"

"Na sani. Tun farko."

Auta ta samu kanta zaune a bakin gado ba tare da ta yi niyyar zama ba.

"Takardar nan da yake kawowa duk shekara," ta ce a hankali, "wadda ya ce ta fanshon marigayi Baba ce..."

"Ita ce."

Sai komai ya dawo mata. Ita ce ke tallafo Umma ta zaunar da ita. Ita ce ke riƙe takardar a kan faranti don kada ta motsa. Bayan an dangwala, ita ce ke kawo ruwa da sabulu ta wanke mata tawadar daga babban yatsa, tana cewa sannu Umma. Sau huɗu ta yi haka.

"Me ya sa?"

"Auta..."

"Ni dai ki gaya mini me ya sa. Me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba." Hawaye ya gangaro ta gefen bakin Umma da ya karkace. "Shi, in ba takardar nan ba, me zai kawo shi gidan nan? Ko sau ɗaya a shekara dai ina ganin sa. Ke kuwa kina nan. Ke na san ba inda za ki."

Wallahi da mari Umma ta kwaɗa mata da ya fi sauƙi. Wato wanda ya gudu shi ake biya don ya leƙo, wadda ta zauna kuma a ce ai dama zama ne nata.

"Mai taimakon fa? Da makarantar? Su ma kin san da su?"

Umma ta runtse ido.

"Kin sani ke nan."

"Ba na son baƙuwa ta ga tsiraicina," Umma ta ce daga baya. "Ke ce kika san ni."

Auta ta zuba wa zanen gado ido. Ta tuna ranar da 'yan ajinsu suka gama makaranta, suna wucewa ta titi suna shewa, ita kuma tana bayan gida tana wanke fo. Ranar har Umma ta ce mata ki yi haƙuri, da akwai hali da kin koma. Ashe halin yana nan a ninke cikin jakar Yaya.

Umma ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama nata.

"Ki rufa masa asiri. Ɗan'uwanki ne, ciki ɗaya. In aka ɗaure shi ba zan kai labari ba, Auta. Roƙon ki nake. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Auta ta kusa yin dariya, dariyar da ta fi kuka ciwo. Ruwa, wanka, juyi, susa, tun safe har dare, ashe duk ba roƙo ba ne, tunda ba a taɓa tsayawa jin ko za ta ce a'a ba.

Ta miƙe. Ta gyara ƙaramin filon da ya zame daga ƙarƙashin hannun hagun, don ko cikin fushi ba ta iya ganin sa a karkace ta wuce.

"Zan faɗi abin da kike so."

"Allah ya yi miki albarka."

Ba ta ce amin ba.

Tana buɗe ƙofa Yaya ya faɗo da jakarsa, da alama dama a jikin ƙofar yake. Ya ajiye jakar kusa da 'yar katifar da ke ƙasan gado, inda Auta ke kwana. Ya rataye rigarsa a ƙusa, ya jera takalmansa. Ya kwashi mayafinta da man gashinta da tsohon littafin lissafinta ya kai falo ya tura bayan kujera. Minti biyar bai cika ba ya share ta daga ɗakin.

"Ya yi?" ya tambaye ta.

"Ya yi kyau, Yaya. Kamar gaske."

Goma saura minti uku aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Gajeruwar mace ce, za ta kai hamsin, da takalmi marar tudu, da tabarau mai igiya, da tsohuwar jakar da ta sha duniya. Ba ta yi kama da wadda za ta iya ɗaure ko akuya ba. Auta na jin Yaya ya saki ajiyar zuciya.

Matar ta amsa gaisuwarsu a taƙaice, ta wuce su ta durƙusa gaban gado.

"Mama, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Bari in ɗan duba ki, kin yarda?"

Ta ɗaga hannun rigar ta duba gwiwar hannu, ta duba diddige, ta leƙa bayan kafaɗa.

"Shekara huɗu, ko ƙurji ɗaya babu. Mama, mai kula da ke ya san aikinsa."

"Muna dai ƙoƙari, Malama," in ji Yaya yana sosa ƙeya.

Auta ta mayar da idonta ƙasa.

Malama ta zauna a kujera, ta ɗora takardunta a cinya.

"Kai ne babban?"

"Ni ne."

"A ina kake kwana?"

"Ga shimfiɗata nan."

"Kana wani aiki?"

"Ɗan buga-buga a nan kusa, in ta samu barci."

"Magungunanta nawa?"

"Huɗu. Fara bayan ta karya, ƙarama mai ruwan ɗorawa da dare, ta hawan jini ce..."

Ya zubo su tas, ko tuntuɓe babu, hannunsa na hagu a dunƙule a bayansa. Ranar gashi, lokacin juyi, abin da take ci da abin da ke shaƙe ta. Malama na ta rubutu tana gyaɗa kai. Umma kuwa kallon ɗanta take fuska a sake, kai ka ce da gaske shi ya san duk wannan. Wannan kallon ya fi ƙaryar ƙona ran Auta.

"To," in ji Malama. Ta juyo. "Ke ce kika zo ofis, ko?"

"Ni ce."

"Me ya kai ki?"

Auta ta ji idon Umma a gefen fuskarta.

"Ban san Yaya ya riga ya cike ba. Kuskure na yi."

"Ke ba kya kula da ita?"

"Taimakawa dai nake."

"Kamar me?"

"Shara. Girki. In ya fita in zauna da ita."

"Kina makaranta?"

"A'a."

"Me ya hana?"

"Kaina ne ba ya ja."

Ko ita ba ta san daga ina wannan ta fito ba. Ita da ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba. Malama ta dube ta ta saman tabarau, ta ɗan jima, sannan ta zaro wata takarda ta ɗora a kan ɗan teburin magani, ta ajiye biro a kai.

"Wannan ta janyewa ce. In kika sa hannu, kin yarda ba ke ce mai kula da ita ba, a rufe fom ɗinki. Kin fahimta?"

"Na fahimta."

"Karanta dai tukuna."

"Ba sai na karanta ba, Malama."

Ta ɗauki biron. Ta sunkuya. Bakin biron ya taɓa takarda ke nan Malama ta ɗora yatsu biyu a kan layin.

"Ɗan dakata, ƙanwata. Saura abu ɗaya."

Ta cire tabarau ta sake shi ya rataya a ƙirjinta.

"Shekara goma sha takwas ina shiga ɗakuna irin wannan. Amsa, kowa na iya haddace ta a mota kafin ya iso. Ni ba na rufe takarda sai na ga an ɗaga." Ta juya wajen Yaya. "Malam, sauko mini da Mama kan kekenta. Yadda kake yi kullum."



Komai Auta ta koya masa ban da wannan, kuma Allah ya sani ba mugunta ba ce. Ko kusa abin bai zo mata a rai ba. Aikin da take yi sau shida, sau bakwai a rana ya daina zama wani abin koyarwa a wurinta, jikinta ne ke yi ba kanta ba. Yaya kuwa, duk zuwan da yake yi, ko ya tarar da Umma a gado ko ya tarar da ita a keke. Bai taɓa tambayar yadda take zuwa daga wannan zuwa wancan ba.

"Ai yanzu ta karya, Malama," ya ce yana yaƙe. "Kar a jijjiga ta."

"Mama, za ki iya?"

Umma ta dubi ɗanta, ta dubi takardar da ke kan tebur.

"Zan iya."

Yaya ya goge tafinsa a wando. Ya janyo keken daga lungu da ƙarfinsa, ya girke shi a gefen hagun Umma.

Dama, Yaya. Dama. Auta ta faɗa a cikin ranta kamar zai ji. Ƙafar dama ce ke takawa, ta can ake juyawa.

Bai danna birki ba. Bai ɗaga wurin ɗora ƙafa ba. Ya kama ƙafafun Umma biyu ya sauko da su lokaci ɗaya, da sauri, har jikinta ya tafi luu gefe kafin ta dafe katifa da hannunta mai lafiya. Bai matso da ita bakin gado ba, bai jira jirin ya sake ta ba. Ya tsaya yana kallon ta, yana neman inda ake kamawa.

Sai ya kai hannu ya ɗauki hannun hagun.

Kafaɗar nan ba abin da ke riƙe da ita sai fata da ikon Allah. Likita ya ce ja ɗaya zai iya goce ta. Shekara biyu da suka wuce wata 'yar dubiya ta ɗan ja hannun wajen gaisuwa, wata uku Umma ta yi tana kuka in an taɓa wurin.

Yaya ya kama wuyan hannun, ya ɗaga shi sama, ya rataya a wuyansa irin yadda ake fitar da ɗan ƙwallon da ya ji rauni.

Fuskar Umma ta yamutse. Ba ta yi ƙara ba. Ta datse leɓenta da haƙora, zufa ta tsattsafo mata a goshi, ta leƙo ta saman kafaɗarsa ta kafe Auta da ido. Ta girgiza kai kaɗan, kaɗan sosai.

Kar ki motsa.

Auta ta damƙe biron har ya yi ƙara. Uwar nan ta gwammace kafaɗarta ta goce da a ce ɗanta ya yi ƙarya. Haushi da tausayi suka haɗu suka tokare mata ƙirji, ta rasa wanne ya fi yawa.

Malama ta miƙe tsaye. "Malam, tsaya, ba haka..."

Ina! Ya riga ya yunƙura.

Ya ɗago ta gaba ɗaya. Umma ta saki wata 'yar ƙara da ba ta iya riƙewa ba. Ya juya da ita ta gefen da ba ya takawa, gwiwar hagu ta lanƙwashe, bayan cinyarta ya daki bakin keken, keken kuwa ya yi baya abinsa ya bugi kabad. Babu komai a ƙarƙashin Umma sai siminti.

Auta ba ta san lokacin da biron ya faɗi ba.

Gwiwoyinta biyu sun riga sun maƙale gwiwar Umma ta hagu, hannayenta sun zagaye ƙugunta, kafaɗarta ta ture Yaya gefe.

"Saki hannun! Na ce saki!"

Ya saki. Ta tare hannun da ƙirjinta kafin ya faɗo, ta matse shi a tsakaninsu. Hannun Umma na dama kuwa da kansa ya zagayo bayanta ya kama inda ya saba kamawa.

"Na riƙe ki, Umma. Na riƙe ki. Taka da dama. Yauwa. Miƙe bayanki." Ba ta ko waiwaya ba. "Malama, keken. Ta nan, ta dama. Karkata shi kaɗan. Danna birki, duka biyun. Ɗaga na ƙafar."

Malama ta yi duk abin da aka ce mata ba musu.

"Bismillah, Umma. Ɗaya. Biyu. Uku."

Suka juya tare, a hankali, kamar jiki ɗaya. Umma ta sauka a tsakiyar keken ko girgiza babu. Auta ta durƙusa a gabanta, ta tallafi hannun hagun daga gwiwa, ta lalubi kafaɗar da yatsu biyu tana kallon fuskarta.

"Nan? Nan fa? Alhamdu lillahi, ba ta goce ba." Ta jawo ƙaramin filon ta kwantar da hannun a kai, ta goge mata zufa da bakin ɗankwali. "Sannu. Sannu, Ummata."

Sai a lokacin ta ji shirun da ɗakin ya yi.

Sai a lokacin ta gane abin da ta aikata.

Yaya na manne da kabad, ya yi tsuru-tsuru, zufa ta jiƙa masa riga. Takardar janyewa na nan a kan tebur, ɗigon tawada ɗaya tak a kan layin. Hannun Umma na dama har yanzu yana damƙe da rigar Auta ta kafaɗa.

Malama ta zauna a bakin gado. Ta mayar da tabarau. Ta ɗauki takardunta ba gaggawa.

"Mama, ke zan tambaya, ba su ba. Abin da kika faɗa shi zan rubuta." Ta yi maganar a tausashe. "Wa ke ɗaga ki?"

Umma na haki. Ta dubi Auta da ke durƙushe a gabanta. Ta ɗaga ido ta dubi Yaya. Leɓensa na motsi ba sauti, Umma, Umma.

"Ɗana ne."

"Kullum?"

"Kullum. Yau... ruɗewa ya yi. Baƙuwa ya gani."

Auta ta zaci tunda ta san haka za a ce, ba zai yi mata zafi ba. Ya yi. Ta sunkuyar da kai don kada hawayen ya zubo a gaban baƙuwa, amma ya zubo, ya ɗiga a kan rigar Umma.

"To madalla," in ji Malama. "Ruɗewa kan samu kowa." Ta juya shafi. "Ƙanwata, tashi ki koma falo, ki ja mana ƙofa. Malam, yanzu hankalinka ya dawo jikinka. Mayar da ita gado, ina kallo."

Auta ta dafa gwiwa za ta miƙe.

Rigarta ta ƙi tahowa.

Ta duba. Yatsun Umma sun ƙara nutsewa cikin rigar.

"Umma, sake ni," ta ce a hankali. "An ce in fita."

Yaya ya ɓamɓare kansa daga jikin kabad. Ya tako ɗaya. Ya tako biyu. Ya zagayo ta gefen hagu, ya miƙa hannu wajen ƙaramin filon.

Umma ta ga hannun na tahowa. Ta fizgo Auta jikinta da wani ƙarfin da ba a san tana da shi ba, ta kai baki kunnenta. Harshen nan mai nauyi, yau kalmomin suka fito tar.

"Auta, kar ki bar ni da shi."

Biron Malama ya tsaya cak a kan takarda.

"Me kika ce, Mama? Ɗaga murya, in rubuta."